Hannun da na ɗaga a Birmingham

Mun tashi da asuba daga Withington, ni da ɗana na fari. Ba na kama sunansa, tun da ya zama GP, wato likitan unguwa, Likita nake ce masa. Shi ke tuƙi. Takobina na kwance a kujerar baya cikin doguwar jakarsa, sai ka ce tabarma aka naɗe. Kafin wata ta tambaya: ba shi da kaifi. Amma ƙarfe ne, in ya sauka a kafaɗarki za ki san an gaishe ki.

Ga waɗanda ba su san mafarin ba, na haura arba'in kafin na iya karanta wasiƙar council, wato hukumar gari, da kaina. Inda muke ajin koyon karatu na manya, ɗakin da ke maƙwabtaka da mu kullum ƙarar ƙarfe. Ran nan na leƙa don in ce su rage mana hayaniya, sai na tarar da ƙattin Turawa sun duƙufa kan wani tsohon littafin kakanninsu na faɗa da takobi, yatsa a ƙarƙashin layi, suna haɗa baƙi kamar ni. Su karanta, su tashi su gwada, su kuskure, su koma littafi. Na ce ashe ina da dangi a garin nan. Shekara uku ke nan ban fasa zuwa ranar Alhamis ba.

Likita ba ya so, gwiwata ta dama ce hujjarsa. Muka yi ta ja har muka tsaya a magana ɗaya: zan shiga gasar sababbin hannu a Birmingham. In na ci karo ko ɗaya, ya sakar mini mara. In ban ci ba, in miƙa masa takobin. Da bakina na yarda, ba wanda ya matsa mini.

Babbar hanyar M6 ba ta sake hali ba: yayyafi, manyan motoci, da gyaran hanya wanda ba ka ganin mai gyaran. Tumaki dai na ta kiwo a gefe, ƙiba kamar ana jiran Layya. Mun tsaya a wurin hutawa muka yi alwala. Na ga kofin shayi ya kusa fam huɗu, ruwa da ganye kawai. Na koma mota na buɗe fulas ɗina da ƙosan da na soya. Likita da ya ce ba ya jin yunwa ya ci bakwai, ina ƙirgawa.

Shiga Birmingham sai da addu'a. Gadoji sun hau kan juna kamar taliyar da aka juye a faranti. Sau biyu muka zaga wuri ɗaya kafin muka sami zauren wasannin da ake gasar.

A ƙofa wata mata ta duba kayana. Ta lanƙwasa takobin ta ga yana dawowa, ta matsa safar hannuna mai kauri, ta ƙwanƙwasa hular raga da ke rufe fuska. Ta ga ƙaramin hijabina a ƙarƙashi, ta gyara mini bakinsa don kada ya sauko mini a ido. Na ji daɗinta.

Karo huɗu aka ba ni. Na farko, kafin in gama bisimilla an sare ni a ka. Na biyu na ɗan taɓuka. Na uku gwiwar ta yi magana, ni kuma na yi kamar ban ji ba. Duka uku na faɗi.

Na huɗu da wata doguwar yarinya 'yar garin, wadda na haifi kamarta. Muka yi ta musaya har maki ya zo daidai, saura sara ɗaya. Na ɗaga takobi a kafaɗa yadda littafin ya zana, na taka, na sauke. Ya sami hularta, ƙau! Alƙalai suka nuna gefena, zaure ya ɗauki tafi.

Sai dai kafin nawa ya sauka, bakin takobinta ya riga ya taɓa wuyan hannuna na hagu. Ba wani sara ba ne, amma na ji shi. A dokar gasar, wadda ta fara ita ke da maki. Masu wannan wasa suna da al'ada: in an same ki alƙali bai gani ba, ki ɗaga hannu ki nuna wurin. Ba wanda zai tilasta ki. Malaminmu ya faɗa tun ranar farko, alƙali ido gare shi, ke kuwa fata.

Na tsaya ina haki cikin hula. Takobina ke nan a hannuna, in na yi shiru. Sai na tuna farkon shigata aji, lokacin da 'yata ke yi mini aikin gida, malama tana yabona, ni kuwa ko lambar bas ba na iya karantawa. Wata shida na ɓata ina cin yabon da ba nawa ba. Na ɗaga hannu, na dafa wuyan hannuna. Aka juya makin. Yarinyar ta cire hula ta rungume ni, duk gumi.

Daga nan muka wuce unguwar Lozells gidan ƙawata 'yar Ghana. Layin nasu gidaje ne manne da juna, shagon nama kusa da na yadi, ƙamshin yaji har titi. Ta zubo mana shinkafa da wake da baƙin yajinsu.

"Hajiya, mutum nawa kika sare?"

"Ni aka sara. Ƙaro yaji."

Mun iso Withington ana shirin magariba. A bakin ƙofa na ciro jakar na miƙa wa Likita da hannu biyu. Ya karɓa. Ina jira ya mayar da ita mota, sai ya haye bene da ita, ya jingine ta bayan ƙofar ɗakina, inda take kwana.

"Umma, daga inda nake zaune na ga saran nan. Da kin yi shiru, da ni ma na yi, kin ci."

"To ban ci ba."

"Ba ki ci ba. Gobe zan kawo miki abin ɗaure gwiwa. Alhamis ƙarfe nawa kuke farawa?"

Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa. Ku tafi da shayinku. Kada ku shiga Birmingham ba ku san gadarku ba. In an same ku kuma, ku faɗa, ko da abin da kuke so ne zai tafi. Ƙarfe bakwai muke farawa. Wadda ke da tambaya kan shekaruna ta zo ta same ni a can, akwai hular aro.