Tsakin Masarar da Ya Kai Baba Asibiti

Akwai wata ranar Laraba a garin Greensboro, can ƙasar waje inda muke zaune, da ba na jin za ta fita daga raina muddin ina numfashi. Shekaru sun shuɗe, amma har yanzu ina tuna ta kamar jiya.

A shekarar ne mahaifina ya zo daga Zariya ya zauna da mu bayan rasuwar mahaifiyarmu. Dattijo ne mai ciwon suga, yana kan magani. Tun zuwansa abinci ya zame mana tashin hankali. Na dafa shinkafa, ya ce ba ta da ɗanɗano. Na je shagunan 'yan Afirka da ke titin Gate City Boulevard na sayo garin tuwo da kuka, ya yi loma biyu ya ture kwanon. Cikin sati uku rigunansa suka fara yi masa yawa. Ina wurin aiki, amma hankalina yana gida.

Muna da wata makwabciya, tsohuwa baƙar fata 'yar asalin garin. Ta lura da yadda yake ramewa, sai wata safiya ta kawo masa kwano a rufe. Ta ce sunan abin girits, kuma ruwa ne kawai da gishiri da man shanu, babu naman da ba ma ci. Na karɓa don kunya. Baba ya leƙa, ya ɗiba da cokali, sai na ga fuskarsa ta saki.

"Mamana," haka yake kirana, "ai wannan tsakin masara ne! Ashe su ma suna da tsaki?"

Ya cinye tas. Ranar har kukan daɗi na yi a kicin.

Washegari na sayo babban fakiti, irin wanda ke nuna cikin 'yan mintuna. A jikinsa na ga an rubuta an ƙara masa sinadarin ƙarin jini da bitamin, ban karanta sauran ba. Na riƙa dama masa kamar kunu, da madara. Yakan ce, "Ɗan sa suga kaɗan, Mamana, bakina ɗaci," ni kuma in sa. Safe, rana, yamma, shi ne abincinsa. Na san ciwonsa sarai, amma na riƙa ce wa kaina gara ya ci da ya zauna da yunwa. Gwajin jinin ma na daina matsa masa, don ya ce yatsunsa sun gaji da huda. Da ya fara yawan shan ruwa da zaryar banɗaki, sai na ɗora laifin a kan zafin gari.

Ranar Larabar na dawo aiki bayan la'asar na same shi zaune a kan dardumar salla, leɓensa a bushe. Na gaishe shi, ya kira ni da sunan mahaifiyata, ya tambaye ni ko an ɗaure awaki. Na ɗauko na'urar gwaji, sai da na ɓata tsinken gwaji biyu kafin na samu jinin. Na'urar ba ta ma nuna lamba ba, alamar cewa sugan ya wuce abin da za ta iya aunawa kawai ta fito. Na kira motar asibiti, na kira mijina da ke aiki can McLeansville, na zauna na riƙe kan Baba ina salati.

A asibiti suka sa masa ƙarin ruwa, suka fara yi masa allurar rage suga. Likita ya tambaye ni me yake ci, na faɗa masa. Bai yi mini faɗa ba, rubutu kawai ya yi, kuma da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ina zaune ina tunanin abin da zan ce wa yayyena a Zariya in wani abu ya same shi a hannuna. Sai da gari ya waye Baba ya buɗe ido ya ce, "Mamana, ina ne nan?" Na durƙusa a gefen gadon na fashe da kuka.

Kafin a sallame mu, wata ma'aikaciya mai kula da abincin marasa lafiya ta zaunar da ni. Ta ce girits ba guba ba ne. Masara ce da ake jiƙawa a wani ruwa mai kama da ruwan toka, hakan na sa jiki ya amfana da wani bitamin da ke cikinta, kuma gaskiya ne ana ƙara masa sinadarin ƙarin jini. Amma an cire dusarsa, mafi yawansa sitaci ne, abin gina jiki kaɗan ne a ciki, kuma mai saurin nuna ɗin nan da nan yake komawa suga a jini. Ta ce ludayi ɗaya ya ishe shi, a haɗa da ƙwai ko wake ko kifi da ganye mai yawa.

Da na ba makwabciyata labari, ta dafe ƙirji ta ce, "Suga? A girits? Ni da ƙwai nake ci. Me ya hana ki gaya mini yana da ciwon?"

Daga nan na koma yi masa fate, tsakin kaɗan, alayyahu da wake da busasshen kifi da yawa. Ya yi ta mita wai na mai da shi akuya, amma yana ci. Da ƙafarsa ya hau jirgi ya koma gida, rigunansa sun zauna masa daidai.

Abin da na koya shi ne, ganin mutum yana ci ba ya nufin ya samu abin da jikinsa ke bukata. Tausayi ne ya sa na biye wa Baba, kuma saura kaɗan in rasa shi. Tun daga lokacin, in zan ciyar da marar lafiya sai na tambayi masu sani tukuna, kuma na koyi cewa "a'a" ko da ga mahaifina ne.