Mun Saya, Amma Ba Tamu Ba Ce

Injin yanka katako ne ya cinye wa ƙanena yatsu uku na hannun hagu, a shagon kafintan da yake aiki a Kawo. Babban yatsa da manuni kawai suka tsira. Ranar da aka kwance bandejin, mahaifiyarmu ta yi ta hamdala da ba hannun cin tuwo ba ne, 'yan dubiya ma kowa ya zo abin da yake faɗa ke nan. Shi dai kwamfutarsa ta wasa yake kallo, tana rufe a kan durowa.

Ni tela ce, a Hayin Banki shagona yake, kuma har gobe ban gane me ake tsinta a wasan harbin nan na kwamfuta ba. Ƙato da gemunsa ya toshe kunne, shi kaɗai a ɗaki, yana ihun "ga shi nan a bayanka!" Na sha yi masa tsiya a kai. Amma na san ya yi shekaru yana wasa a ƙungiya ɗaya da wasu abokansa, wani a Kano, wani a Zariya, wani ma bai taɓa ganin fuskarsa ba, kuma shi ne gwaninsu. Bayan hatsarin suka ce za su riƙe masa gurbinsa har zuwa gasar da za su shiga bayan Babbar Sallah. In ya iya dawowa kafin nan, to. In bai iya ba, dole su ɗauki wani.

A wasan, hannun dama ne ke riƙe da linzamin kwamfuta, na hagu kuma ke danna maɓallai, kuma yatsa biyu ba sa kaiwa inda biyar suke kaiwa. Abin takaicin, a can gefen hagu na kwamfutar akwai wasu maɓallai a jere, daidai inda yatsunsa biyu suke sauka ba wahala. Kamfanin da ya ƙera ta ya kulle su. Ɗaya na ƙara murya, ɗaya na tayar da fanka, ɗaya kuwa aikinsa kaf a duniya shi ne ya mai da fitilar kwamfuta daga ja zuwa shuɗi. Ƙanena na zaune ya kasa sa mutuminsa na cikin wasan ya yi tsalle, ga maɓalli a ƙarƙashin yatsansa yana canza launi.

Muka kai ta wurin wani mai gyaran kwamfuta a kusa da tashar Kawo, wanda a hannunsa aka saye ta. Ya jujjuya ta, ya girgiza kai.

"Hajiya, wannan ba aikin sukundireba ba ne," ya ce. "Su suka kulle, su za su buɗe. In na ɗora masa wata manhaja ta waje, wasan zai kore shi, a ce maguɗi yake."

"To sai mu zuba ido?"

Sai ya nuna mana wani shafi na kamfanin a intanet, inda masu kwamfutocinsu ke rubuta abin da suke so a ƙara. Buƙatar da ƙuri'unta suka kai adadin da aka gindaya, injiniyoyinsu za su duba ta. Mai jefa ƙuri'a sai ya shigar da lambar da ke manne a bayan kwamfutarsa. Ƙanena ya rubuta tasa buƙatar a nan take, da yatsa ɗaya, a hankali: a bar mai kwamfuta ya zaɓi aikin da maɓallan gefen hagu za su yi. Ban taɓa jin roƙo ƙarami irin wannan ba.

Washegari na bar wa abokiyar aikina ɗinkin mutane, na ja mayafi na shiga gari. Mai gyaran ya san duk mai irin wannan kwamfuta daga Kawo har Mando, domin a hannunsa suke zuwa jinya. Shi ya riƙa kwatanta min gidaje da shaguna. Na je wurin mai haɗa katin biki, na je wurin ɗalibai masu zanen gine-gine, na je wurin wata amarya mai gyaran hotuna da ta tsare ni sai na sha zoɓo kafin ta kifa kwamfutarta mu karanto lambar. Wasu sun ɗauka sabuwar damfara ce ta shigo. Wani mai shagon buga takardu ya dube ni sama da ƙasa.

"Anti, a kan gem, wasan yara, kike wannan yawon? Ga mutane na fama da abin da za su ci?"

"Abinci na roƙe ka?" na ce masa. "Juyo min bayan kwamfutar, ka ci gaba da wa'azinka."

Ya juyo ta yana gunaguni, ya kuma danna ya jefa ƙuri'arsa.

Da farko ni kaɗai nake fita. Ƙanena tun da aka sallamo shi daga asibiti ko masallacin layinmu sai an yi da gaske yake zuwa. Amma kullum da safe sai ya buɗe shafin ya ga ƙuri'a ta ƙaru, ya ƙwala min kira tun ina wanke-wanke. Ran nan ina shirin tafiya Mando sai na gan shi tsaye a zaure da takalmi a ƙafa.

"Yaya, ke ba ki iya bayanin ba," ya ce. "Jiya an ce min kin gaya wa mutane wai maɓallin tsalle ne ya lalace."

Tare muka hau keken haya. A Mando wani sojan sama ne ya karɓe mu a shagon matarsa, mutum mai faɗi da muryar da ake ji daga tsallaken titi. Ya kalli hannun ƙanena kai tsaye, bai yi irin kawar da kan da mutane ke yi ba.

"Aboki, da wannan biyun za ka ci gaba da harbi?"

"In sun buɗe min, Yallaɓai."

"Za su buɗe dole. Ba kuɗi muka ba su ba?"

Ya kira abokan aikinsa a waya, suka riƙa turo hoton bayan kwamfutocinsu. A hanyar komawa ƙanena ya cika ni da surutu, yana nuna min a kan gwiwarsa yadda zai raba aikin: babban yatsa ya ɗauki tsalle da durƙuso, manuni ya ɗauki sauran. Ban gane rabin abin da yake faɗa ba, na dai yi ta gyaɗa kai. Rabon da in ji shi yana dariya haka tun kafin injin nan.

Abokansa na Kano da Zariya su ma suka tayar da nasu mutanen. Ana gab da Sallah, lokacin da ko kaina ba na iya ɗagawa daga kan keken ɗinki, ƙuri'un suka cika har suka ɗan haura.

Yana shagona da hantsi yana taya ni guga da hannu ɗaya lokacin da amsar ta shigo wayarsa. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ajiye dutsen gugar a tsaye. Kamfanin ya gode mana ƙwarai da gaske. Sai dai da suka bincika, lambobin da muka shigar duk suna ɗauke da rajistar wasu mutane a wasu ƙasashe, don haka ba za a ƙirga ƙuri'unmu a matsayin na abokan cinikinsu ba. Ya buɗe shafin. 'Yan ƙalilan ne suka rage a ƙarƙashin buƙatarsa.

To da sunan wa za su kasance? Wa ke sayen sabuwar kwamfutar wasa a kwali a Kawo? Duk 'yan tokumbo ne. Wani a can ya yi yayinta ya gaji ya sayar, ta hau jirgin ruwa, ta sauka Legas, ta zo hannunmu, muka biya da guminmu. Mu muke hure mata ƙura, mu muke canza mata fanka, mu muke sayen caja da batir masu ɗauke da tambarinsu. A nan ba a taɓa tambayarmu rajista ba. Sai ranar da muka buɗe baki muka nemi abu guda, sannan aka gano mu ba kowa ba ne. Wanda ya yar da ita tun shekarun baya shi ne mai ita, wanda ya kwana ya tashi da ita kuwa baƙo ne. Wallahi ko yanzu da nake rubuta wannan, zuciyata tafasa take.

Na bar ɗinkin na nufi wurin mai gyara a fusace. Ya ce ana iya sauya rajista, amma sai mai sunan farko ya amince, ko a kawo rasidin shagon da kamfanin ya yarda da shi. A ina zan samo mutumin da ban san ko yana raye ba? Na sa ya rubuta musu cewa mutane ne na gaske suka jefa ƙuri'un nan, ni na bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙafata. Amsar da ta dawo irin ta farko ce, ko waƙafi ba a canza ba. Sojan Mando da ya ji labari ya yi ta zagi a waya, amma zagi bai buɗe maɓalli ba.

Kwana kaɗan bayan Sallah, da la'asar, na shiga ɗakin ƙanena da kwanon soyayyen nama. Na tarar yana naɗa wa abokansa saƙon murya, sai na tsaya a bakin ƙofa.

"Kai, ku ɗauki sabon yaron nan na Zariya a gurbina kawai," yake cewa, har da dariya. "Ya iya, wallahi. Ni dama na gaji da ɗaukar ku a baya. Allah ya ba da sa'a, ku ciwo mana."

Ya saki wayar, dariyar ta ɗauke ɗif. Ya naɗe wayar caja, ya zura kwamfutar cikin jakarta, ya kama zif ɗin da hannun dama. Jakar ta riƙa zamewa daga yatsunsa biyu, zif ɗin ya cije a kusurwa. Ya ja, ya sake ja. Bai ɗago ya kalle ni ba.

"Yaya, riƙe min nan," ya ce.

Na ajiye kwanon a ƙasa, na riƙe masa bakin jakar, ya ja zif ɗin har ƙarshe.