Yaya Mudi Ba Ɗan Duba Ba Ne

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Mahmud, wanda gida da waje ake kira Mudi. Motar da ya shigo daga Lokoja ce ta kife kafin su iso Abaji. Na daɗe ina cewa zan rubuta wani abu a kansa ban yi ba, don ni tela ce a Jabi nan Abuja, a sakandare karatuna ya tsaya. Bana dole ta sa. 'Yarsa Bilki ta samu gurbin karanta fiziks a jami'a, Kawu Sale kuwa, wanda shi ne babba a gidanmu yanzu, ya ce ba da yawunsa ba. Wai ba za a sake yin ɗan duba a zuri'armu ba.

To bari in faɗa a jarida kowa ya ji. Yayana bai taɓa yi wa kowa duba ba.

Malamin fiziks ne a wata sakandare a Garki, yana haɗawa da karatun babban digiri. Ko na'urar hangen nesa ba shi da ita. Malamansa na waje ke turo masa abin da manyan na'urorinsu suka ɗauko, shi kuma ya zauna da rana tsaka, daga shi sai singileti, yana fama da layuka a kwamfuta. Ni ce ke kai masa abinci, kuma ba na iya ganin abu in yi shiru. Na ce masa wannan zane-zanen ne taurarin? Ko kyau babu.

Bai ji haushi ba. Ya ce taurari ba a warwatse suke ba, gungu-gungu suke, kowane gungu da taurarin da ba sa ƙirguwa, ranarmu ma ɗaya ce a cikin wani gungun. Gungun taurarin da yake bi suna da nisan da haskensu ya baro su tun kafin a yi ƙasar da muke takawa. Saboda haka yarintarsu muke gani, lokacin da suke ta haifar sababbin taurari. Tambayarsa ɗaya ce: a wannan yarintar, juyawa suke a natse kamar faifai a hannun mai shiƙa, ko tafarfasa suke kamar tukunyar tuwo? Yawancin masana na ganin sai da suka tsufa suka natsu. Shi yana zaton wasu sun natsu da wuri.

Na ce ta ina za ka san abin da ka gani kamar ƙwayar gero yana juyawa? A lokacin kuɗi ya shigo Abuja, gini na tashi ta ko'ina, kowane oga da jerin motocinsa. Muna maganar sai ga jiniya ta biyo titi. Ya ɗaga yatsa ya ce in saurara. Tana nufo mu muryarta siririya, tana wucewa ta yi kauri. Ya ce haske ma haka yake: gefen da ke nufo mu ya karkata zuwa shuɗi, gefen da ke gudunmu zuwa ja. In gungu ɗaya ya nuna ja a dama, shuɗi a hagu, to juyawa yake. Na yi shekara shida a sakandare ba wanda ya taɓa koya mini abu ya zauna haka.

Alhaji Tanko ne ya ja masa sunan ɗan duba. Ɗan kasuwa ne, Bakatsine, ya gina jerin shaguna a Jabi. Ya ji an ce akwai malamin taurari a Garki, ya zo da turmin shadda da ƙwaryar goro, a zaɓa masa ranar buɗewa.

Yaya ya ce, "Alhaji, waɗanda nake kallo ba su ma san an gina Jabi ba."

"Haba Malam, ko a asirce ne ka taimaka. Ba wanda zai ji."

"To ka buɗe ranar da fenti ya bushe."

Ya mayar masa da shaddarsa, goro ɗaya ya ɗauka don kunya. Fenti ya bushe, Alhaji ya buɗe, shaguna suka cika. A shekarun nan ko rumfar kwano ka kafa a Jabi sai ta cika. Amma Alhaji ya bi gari yana cewa Malam Mudi ya san aiki, kuma ko sisi ba ya karɓa. Mata suka fara sallama a ƙofarmu, mai neman haihuwa, mai neman canjin wurin aiki. Ni ke korarsu, kuma ba da lallashi ba. Labari ya kai garinmu Abaji, inda Kawu yake. Daga wannan shekarar Kawu ya daina cin naman layyar Yaya. Ya zo jana'iza, ya yi masa salla, amma na ji shi yana roƙa masa gafarar abin da bai aikata ba.

Yanzu an ɗora sababbin na'urori, har da wadda ke can sama. Bilki ta nuna mini a waya cewa an samu gungun taurari na farkon zamani da ke juyawa a natse. Ni da na ji sai na fara murna, na ce ga shi nan, maganarsa ta fito. Na san da yana nan da ya kwaɓe ni. Zai ce guda nawa aka gani, yaya aka auna, ina sauran da ke tafarfasar. Sannan ya manta da abincinsa har ya huce. Abujar yau kuwa, da shagunan da suka yi wa masu saye yawa, ina jin dariya kawai zai yi, ya tambayi ko Alhaji Tanko ya samo wani malamin.

Makon jiya na saka Bilki a mota muka je Abaji. Uwarta ba ta iya musu da Kawu, ni ina iyawa. Mun same shi a zaure ana auna masa doya. Na fara zuba, ya ɗaga mini hannu.

"Ke dai bakinki ya fi keken ɗinkinki gudu. Bari yarinya ta yi magana." Ya juya ga Bilki. "In kin gama karatun nan, za ki iya faɗa mini ko zan kai baɗi?"

"A'a, Kawu."

"Doyar nan za ta yi tsada ko za ta faɗi?"

"Ban sani ba, Kawu."

"Ubanki fa, ya sani?"

"Shi ma bai sani ba. Abin da ya riga ya wuce yake aunawa."

Ya sa aka ci gaba da auna doyar. Sannan ya ce, "Shekara huɗu a jami'a, a fito ba a san komai ba. To ki tafi. Wannan ba haramun ba ne, asara ce kawai." Da muka tashi ya sa aka ɗora mata doya biyar a mota, ya ce in ta je kabarin ubanta ta yi masa addu'a da sunansa shi Kawu.

Yaya bai gama digirinsa ba. Ba littafi da sunansa, ba titi, kwamfutar ma ta mutu. Abin da ya bari yarinya ce da aka tambaye ta gaibu a gaban babban gida, karatunta na rataye da amsar, ta ce ba ta sani ba, ba ta ƙara ko kalma don ta burge ba. Allah Ya jiƙan Yaya Mudi, Ya haskaka kabarinsa. Bilki za ta tafi ranar Litinin, ni zan kai ta tasha.