Kamilu da Maganar da Ba a Faɗa wa Suruki

In ka taɓa yin alwala da buta mai ruwan ɗorawa, bakinta sumul babu tsinin da zai karce ka, mai yiwuwa ta bi ta hannun Kamilu. Aikinsa ke nan a wani kamfanin roba da ke Sharaɗa. Inji ya tofo buta da zafinta, shi kuma ya cafe, ya zagaye gefenta da reza, ya jefa a buhu, kafin ya ɗago wata ta faɗo. Ya daɗe a kan wannan aiki har yatsunsa sun yi kanta, ba ya ma jin zafin robar.

Mutumin Tsamiya Biyu ne, wani ƙauye a fadamar Jigawa. Shekarar da ambaliya ta kwashe musu shinkafa ya biyo motar albasa zuwa Kano, ya yi dako, ya yi gadi, daga baya Allah ya haɗa shi da injin buta. Da ya ɗan tsaya da ƙafarsa ya koma gida ya auro Aina'u, 'yar Malam Mamman, ya kama musu ɗaki ɗaya a Zawaciki. Kowa ya shaide shi da haƙuri da riƙon amana. Aibinsa guda ne, in aibi ne: kunya. Kamilu ne mai ƙosai za ta zuba wa ƙonanne ya karɓa har da godiya.

To, ga Aina'u da cikin fari, kuma cikin ya tsufa. Al'adar garinsu ba ta da kwana: mai cikin fari gidan iyayenta take komawa goyon ciki, can za ta haihu, can za ta yi wankan jego. Ba a tambayar miji ra'ayinsa, sanar da shi rana kawai ake yi. Kamilu bai taɓa ganin laifin wannan ba sai ranar da Aina'u ta dawo daga awo ta zauna a bakin katifa. Ƙafafunta sun kumbura har silifas ya daina shiga.

"Malam," in ji ta, tana kallon bango, "nas ta ce jinina ya hau. Ta ce kada in kuskura a yi abin a gida. Wai da na ji alama a kai ni inda akwai likita, kada a tsaya jiƙe-jiƙe."

"Kin gaya mata za ki tafi gida?"

"Na gaya mata. Ta ce akwai asibiti a garin? Na ce akwai."

Kamilu kuwa ya san irin asibitin da ke garin. Gwamnati ce ta gina shi, kuma ba a yi ƙwauron siminti ba. An yi masa fenti fari da kore, an ɗora sola a rufi, ranar buɗewa har da makaɗa. Filin ma gonar Malam Mamman ce, shi ya bayar kyauta, aka kuma damƙa masa makulli ya zama mai kula da wurin. Abin da ba a kawo ba shi ne mutum. Akwai wani malamin lafiya da ke leƙowa a babur ranar kasuwa ya raba maganin zazzaɓi, shi ma sai in hanya ta yarda. Da damina ta kankama rafin da ke tsakanin garin da titi yakan cika ya batse, kwalbatin da aka ce za a yi kuwa har yanzu yana bakin masu alkawari. Ga shi an fara hadari.

Tun daga ranar Kamilu ya daina cin abinci da daɗi. Yana tsaye gaban inji zuciyarsa na bakin rafi. Sau biyu reza ta zame ta yanke shi, abin da rabonsa da shi tun yana sabon shiga. Obadiya, mutumin Kafanchan da ke kan injin bokiti kusa da shi, ya ja shi gefe lokacin hutun rana ya matsa masa har ya faɗa.

"Wannan ne abin da ke ramar da kai?" Obadiya ya ce. "Mutumina, ɗauki waya ka kira tsohon, ka ce Baba, 'yarka ba za ta zo ba, likita ya hana. Shi ke nan."

Kamilu ya dube shi kamar ya ce ya je ya mari liman. "A waya? In ce wa surukina haihuwa? Cikin fari fa! Ko sunanta ba na iya kamawa a gabansa. Kuma asibitin nan shi ne idonsa. In na ce ba shi da amfani, gonarsa na zaga."

"To ka zauna da kunyarka, ita za ta karɓi haihuwar."

Maganar ta soke shi, amma bai kira ba. Ya yi abin da mutanen garinsu ke yi in magana ta fi ƙarfin baki: ya nemi ɗan aike. Ya kira ƙanin mahaifinsa, Baffa Bala, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce masu awo sun ce jikin iyalin nasa yana son kulawa ta musamman. Baffa Bala ma ba zai tunkari Malam Mamman da zancen ciki ba, sai ya gaya wa matarsa cewa yarinyar ba ta jin ƙarfi. Matar ta yafa mayafi ta je ta gaya wa Inna Hafsatu, uwar Aina'u, cewa zaman birni ya gajiyar da yarinya. Kowa ya ɗan rage wa maganar kaifi don ladabi, har ta isa babu komai a cikinta. Amsar da ta dawo wa Kamilu ita ce: tunda haka ne, ba sai an jira ƙarshen wata ba, ranar Lahadi mai zuwa za su zo da kansu su ɗauke ta ta huta.

Ya tuna an ce zuwa da kai ya fi aike. Ya roƙi Obadiya ya riƙe masa shifti, ya hau mota ya tafi. A hanya ya shirya maganar tsaf, ya maimaita ta har ya haddace. Ya tsallake rafin ruwa na iya ƙaurinsa. Ya tarar da Malam Mamman a ƙofar gida, ya cire takalmi daga nesa, ya durƙusa. Aka gaisa, aka tambayi aiki, aka tambayi Kano, aka yi zancen iri da taki. Duk lokacin da ya buɗe baki sai wata gaisuwar ta fito.

Tsohon ya tashi ya ce wa Kamilu ya zo ya ga asibiti. Ya buɗe ƙofa. Ko'ina a share, ƙal. Ga gadon haihuwa ko ledarsa ba a cire ba, ga firji yana ta gurnani babu komai a ciki.

"Ungozomar fa, Baba?" Iyakar abin da Kamilu ya iya fitarwa ke nan.

"An ce tana tafe. Bayan Salla."

Bai tambayi wace Sallar ba. Ya ce masha Allah, ya karɓi tsarabar kuka da daddawa, ya dawo Kano yana jin haushin kansa kamar ya yi kuka. Aina'u ta dubi fuskarsa, ba ta tambaye shi komai ba, ta ci gaba da ninke zannuwanta tana sa wa a jaka. Wannan shirun ya fi masa zagi ciwo.

Ranar Lahadi da hantsi suka iso, Malam Mamman da Inna Hafsatu, a motar wani ɗan garin da ke jigilar buhuna. Gabas ta yi baƙi ƙirin, direban sai duban sama yake yana cewa a hanzarta kafin rafi ya rufe. Aka fito da jaka. Aina'u ta fito tana dafa bango, ƙafa ba takalmi, Inna ta kama ta ta zaunar a gidan baya. Maƙwabta suna ta Allah ya raba lafiya. Malam Mamman ya sa ƙafa ɗaya a mota.

Kamilu ya ga in motar nan ta tashi, shi ne ya sallama Aina'u, ba al'ada ba, ba gwamnati ba. Ya zube a gaban tsohon, gwiwa biyu cikin ƙasa, a gaban mata da yara da direba.

"Baba, ku gafarce ni, zan yi rashin kunya." "Aina'u jininta ya hau. An ce in haihuwa ta zo mata inda babu likita za a iya rasa ta, a rasa abin da ke cikin. Asibitinmu babu kowa a ciki, Baba. Don Allah ku bar ta a nan."

Wata maƙwabciya ta rufe baki da mayafi. Inna Hafsatu ta kau da kai, ta ɗora hannu a kan ƙafar 'yarta, ta danna, ta ji wurin ya lotsa bai taso ba. Sai a lokacin ta dubi ƙafar da kyau.

Kamilu yana durƙushe yana jiran duk abin da zai biyo baya. Can Malam Mamman ya sauke ƙafarsa daga motar.

"Tashi," ya ce. "Tun da ka zo rannan nake jira ka faɗa. Ni ba zan ce kada a kawo ta ba, gari ya ce na guji jegon 'yata." Ya juya wajen matarsa. "Sauko da ita. Ke ma ɗauko ƙullin kayanki, nan za ki zauna har Allah ya sauke ta."

Aka mayar da jaka ciki. Ɗaki ɗaya ne, kuma yanzu suruka na cikinsa, don haka Kamilu ya san daga yau sai dai ya nemi gefen tabarma a wajen Obadiya, ya riƙa gaida matarsa daga bakin ƙofa. Ko a jikinsa. Tsoron bai tafi duka ba, don haihuwar tana gaba, amma ya ji numfashinsa ya dawo.

Ya raka tsohon har jikin mota yana ta godiya. Iska ta taso, yayyafi ya fara sauka. Malam Mamman ya zauna shi kaɗai a gidan baya, ya tattara babbar rigarsa, yana kallon hadarin da zai koma cikinsa.

"Tamu ta samu mai yi mata magana," ya ce a hankali. "Matar Abubakar mai faci ma watanta ya kama, da ƙanwar ladan. Su mazansu suna can tare da mu, bayan rafi, ba su da inda za su kai su."

Ya ja ƙofa, ya ce wa direba su tafi.