Burtalin da Muka Rufe a Kan Takarda

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ba na jin zai iya cinye ranar da na tsaya a bakin tafkinmu da takarda a hannu.

Ƙauyuka biyar ne muke shan tafki ɗaya, uku a ƙasar Gaya, biyu a ƙasar Ajingi. Da rigimar ruwa da gona ta yi yawa, sai aka kafa kwamitin haɗin gwiwa wanda hukuncinsa ya hau kan kowane ƙauye. Ni aka ba sakatare saboda na yi koyarwa a firamare. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura. Har jakar hannu na saya.

Sai dai babu wanda ya zaɓe mu. Masu unguwanni ne suka nuna mu, kowa ya kawo nasa. Da aka zo kan kujerar makiyaya, maimakon a je ruga a tambaya, sai shugabanmu, wani Alhaji mai sayar da taki, ya ce ai yana da Bafulatani a gida, wato mijin 'yarsa mai shago a Gaya. Rabon mutumin nan da bin saniya tun yana ƙarami. Muka ce madalla.

A zama na uku muka yanke shawarar rufe tsohon burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa tafki, a mayar da shi gonaki, shanu su riƙa zagayawa ta gabas. Alhaji ya dubi wakilin makiyaya ya ce, "Kana da magana?" To don Allah, wane Bafulatani ne zai musa wa surukinsa a gaban jama'a? Bawan Allah ko ido bai ɗaga ba, sai tonon ƙasa yake yi da tsinke. Ni kuwa gwanin alƙalami na rubuta cewa kowa ya amince.

Aka shuka wake a burtalin. Da kaka ta yi, makiyaya suka dawo daga mashekari, inda suka yi damina, suka tarar hanyar gabas ɗin tafiyar rabin yini ce, kuma cikinmu babu wanda ya taɓa taka ta. Wata safiya aka aiko mini cewa shanu sun doso tsohuwar hanya, manoma kuma sun tare da sanduna. Innalillahi! Na hau babur ina salati, don na san in jini ya zuba, rubutuna ne ya zubar da shi.

Na tarar garke ya yi cirko-cirko, manoma a gabansa, tsakaninsu bai wuce taku goma ba. Ardon rugar, dattijo abokin marigayi mahaifina, yana jingine da sandarsa. Na gaishe shi, na buɗe takardar hukuncin kwamiti na karanta da muryar aji. Ya bari na kai ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, ka gama? Wannan da kuka ce wakilinmu ne, wa ya aike shi?"

Na ce, "Baffa, ai kwamiti ne ya..."

"To kai fa, ɗana, wa ya aike ka?"

Na waiga wajen mutanenmu ina neman mai ceto. Sai ɗan baffana, wanda sandarsa ta fi ta kowa kauri, ya ce, "Wallahi Ardo ya yi tambaya. Mu ma dai ganin ka muka yi da jaka." Wani ya tuntsire da dariya, sai wuri ya ɗauka, har makiyayan. Ban taɓa jin daɗin a yi mini dariya ba sai ranar. Ina kallo sanduna suka sauka ɗaya bayan ɗaya.

Makiyaya suka tsare shanunsu har la'asar, manoma suka tsince wakensu, aka bar wa shanu harawa suka ci suka wuce.

Sati biyu bayan nan aka rushe kwamitinmu. Kowane ƙauye ya zaɓi nasa a fili, ƙato bayan ƙato, ruga ma ta zaɓi nata. Aka kuma ce ba hukuncin da zai hau kan kowa sai wakili ya koma gida ya karanta wa mutanensa bayan sallar Juma'a. Na tsaya takara. Mutum huɗu kacal ne suka tsaya a bayana, na faɗi, amma na koma gida da zuciya wasai.

Yanzu in na ji a rediyo ana maganar manyan ƙungiyoyin ƙasashe, masu yanke wa miliyoyin mutane hukunci daga kujerun da ba talakan da ya jefa wa ƙuri'a, sai tausayinsu ya kama ni. Abin da na koya shi ne, kafin ka yanke wa mutane hukunci ka tabbata su suka aike ka, domin akwai ranar da za su tambaya, kuma ba kullum tambayar ke ƙarewa da dariya ba.