Gorar Sanyin Asuba

A gidanmu na Kebbe, da an idar da isha'i muke zagaye murhun kakarmu Inna. Ta miƙe ƙafarta ta hagu, wadda take ɗingisawa, ta ce, "To, wace ɗiya ka son labari?" Ni ce uwar naci, kullum guda nake roƙo: mai gorar iska. Da ta fara, sai Baba ya ɗauki butarsa ya fice. Ban taɓa tambayar dalili ba.

Wai wani mutum ne zafi ya dami uwarsa, ya tashi da asuba ya ɗura sanyin safiya cikin gora. Ya yi ta hurawa har ta cika tam, ya liƙe bakin da kakin zuma.

"Shina tafiya, rana na dukan gora," in ji Inna, "iska na neman wuri, wuri babu. Shina isa gaban tsohuwa, sai fau!" Mu kuwa mu faɗi ƙasa don dariya.

Ina sakandare a Tambuwal malamin kimiyya ya koya mana cewa iskar da aka kulle, in ta ɗau zafi kuma mazubinta bai buɗa ba, ƙarfin turinta ƙaruwa yake. Ya nemi misali. Ni sarkin rawar kai na miƙe, na zuba tatsuniyar Inna har da "fau" ɗin.

Malam ɗan garinmu ne. Ya yi dariya ya ce, "Ke, wagga ba gora ba ce, tayar babur ce! Babanki ya ba ta iska da sanyin asuba har ta yi kamar dutse, don kada tsohuwa ta ji ramukan hanya. Ya ɗauko ta bisa babur, rana na take tsaka taya ta fashe kusa da Dogon Daji. Nan ƙafar kakarki ta karye."

Aji ya ɗauka da dariya. Wallahi har yau in na tuna, kunya nake ji. Ashe duk daren da na roƙi labarin nan, mahaifina nake kora daga bakin wutar uwarsa.

Da hutu na same shi tsugune yana rage iskar taya. Na ce, "Baba, ban sani ba."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ba fushi nikai ba. Bayan zana nika tsayawa. Nan kaɗai nika jin tana dariyar abin."