Bakoji da Kwabo Mai Huji

Bakoji mai ɗibar zuma ne a wani ƙauye da ke bakin dajin Birnin Gwari. Duk duniya ba abin da yake so kamar ya ɗare bishiya ya leƙa amyarsa. Ana cikin shagalin samun 'yancin kai sai wansa, dagacin garin, ya rasu, ya bar magajinsa Mamuda ko kaciya ba a yi masa ba. Dattawa suka cafko Bakoji suka ce shi zai yi riƙon ƙwarya.

Al'adar garin kuwa, akwai wani ɗan tsinken ƙarfe a zauren dagaci. Kowace kaka mai riƙo zai zura masa kwabo ɗaya mai huji. Ran da tsinke ya cika yaro ya girma ke nan, sai a ba shi sarautarsa. Kafin nan mai riƙo ba ya kwana a daji, ba ya hawa bishiya.

Wayyo Bakoji! Shekara da shekaru yana ɗafe a kan buzu yana shari'ar akuyar da ta ci dawar wani, ƙudan zuma na wucewa ta kansa kamar da gayya. Bawan Allah har ramewa ya yi don kewar daji.

Saura kwabo ɗaya tsinke ya cika, gwamnati ta canza kuɗi, aka kawo naira. Kowa ya kwashi tsofaffin kuɗinsa ya kai Birnin Gwari ya canzo, har da matar Bakoji, wadda ta kakkaɓe masa aljihu tas. Sabon kwabo ya iso sumul, ba huji!

Bakoji ya ruga wurin maƙeri aka huda masa ɗaya. Abarshi, babban dattijon garin, ya ɗaga kwabon ya ƙanƙance ido.

"Wannan hujin maƙeri ne, ba na gwamnati ba. Ci gaba da riƙo, Allah ya kawo mai huji."

"Har yaushe?"

"Oho."

Rannan da hantsi Bakoji yana zaune ya zuba wa rufin zaure ido, abin duniya ya ishe shi, sai ya tuna: kafintan da ya buga kwanon nan, kwabo mai huji ya riƙa sa wa kowace ƙusa don kada ruwa ya bi ta. Ai kuwa ya tattare babbar riga ya ɗare rufin kamar biri.

Abarshi ya yi ihu, "Kai! Mai riƙo ba ya hawa!"

"Bishiya kuka hana. Wannan kwano ne!"

Ya zare ƙusa, ya sauko da kwabo, ya zura a tsinke. Tun ba a gama naɗa wa Mamuda rawani ba ya saɓi igiyarsa ya yi daji.

Da damina ta faɗi, ruwa ya riƙa ɗiga daidai tsakiyar rawanin sabon dagaci. Aka aika wa Bakoji ya zo ya toshe ɓarnar da ya yi. Ɗan aike ya same shi can ƙololuwar ɗorawa, baki duk zuma.

Ko leƙowa bai yi ba ya ce, "Ka ce wa dagaci ya matsar da buzun."